Wane baƙin mai ya dace da babur a sanyin Jos?

Ɗan Bukuru: Salamu alaikum 'yan uwa. Boxer gare ni, 20W-50 nake zuba mata. Tun shigowar hunturu, da asuba sai na yi ta buga kik kafin ta tashi. In canza mai ne?

Bakanike: Wa alaikumus salam. Koma 10W-40. Lambar da ke kafin W ita ke nuna kaurin man cikin sanyi. 20W yakan yi nauyi da asuba, ya daɗe bai hau kan inji ba. Amma ka tabbata akwai JASO MA, wato alamar man da ya dace da kulocin babur, a jikin robar, don man mota yana sa kuloci santsi.

Baba Direba: Yarona, in injin ya tsufa yana shan mai, zauna kan 20W-50 ɗinka. Ja cok, ka bar ta ta ɗumama minti biyu. Duba fulogi ma.