Waɗanda aka taɓa ɗauka a fim ɗin dokumentari, ya ta kaya?

Tsohon tafinta: Salam jama'a. Ina so duk wanda ya taɓa aiki da masu shirya dokumentari ko aka taɓa haska shi ya faɗi abin da ya gani. Ni dai na yi wa wasu Turawa tafinta a wani sansanin 'yan gudun hijira a Maiduguri, wata baiwar Allah ta daɗe tana ba da labari, yadda ta ranci jari ta fara tuyar ƙosai, ta sa 'ya'yanta a makaranta, har tana tsokanar mai kyamara. Da fim ya fito wurin da ta ambaci mijinta ta fashe da kuka kawai aka bari, aka bi shi da kiɗan tausayi. Kukan nata ne, ba wanda ya sa ta, amma wallahi ba wannan ce matar da na zauna da ita ba.

Edita daga Kano: Malam ai yanka dole ne. Za a jibge maka hoton awa ashirin a ce ka fitar da minti talatin, to wanne za ka bari? Ni inda na ja layi shi ne a ɗauko amsar wata tambaya a manna ta a ƙarƙashin wata tambayar daban, an taɓa sa ni na ce a nemi wani. Amma batun taɓa zuciya kam shi ne aikin, ku tuna shirin BBC kan kodin a 2018, yana fitowa gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Da an yi shi lami wa zai motsa?

Ɗan Alaramma: Edita naka mai sauƙi ne. Mu tsangayar Baba suka zo da hantsi yara na kan allo, sai suka ce a cire takalma a ɗauko robobin bara a bi layi, har sau uku ana maimaitawa wai haske bai yi ba. Yaranmu suna bara, ban musa ba, amma ba a wannan lokacin ba kuma suna da silifas. Takardar amincewa da turanci take, Baba ya dangwala yatsa don ganin girman baƙo.

Maman biyu: Ni yayata aka ɗauka kan yoyon fitsari, kuma gaskiya matar da ta shirya fim ɗin ta kyauta, ta rufe mata fuska ta canza murya, ta nuna mata kafin a saki. Sai ga shi atamfar jikinta da ƙofar gida sun tona ta, kafin sati duk unguwa an sani.

Bazamfare: Mu a 2022 da aka yi ta nuna hira da shugabannin 'yan bindiga, har NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, ta ci gidan talabijin na Trust TV tarar naira miliyan 5, gidanmu rabuwa aka yi. Kawu da aka koro daga ƙauye ya ce a bari duniya ta ji da bakinsu, ko gwamnati ta daina cewa an ci ƙarfinsu. Inna kuwa ta ce in kashe wayar, ba za ta zauna tana kallon mutumin yana gyara rawani yana kawo hujja ba. Edita, kai da za ka sa shi ko za ka yanke?