Madugu da jagaba: wa ke gaba da wa a ayari?

Dattijon Zango: Abin nan ya ishe ni. Kullum rediyo sai "madugun 'yan adawa", "madugun 'yan tawaye", kamar laƙabi ne da ake rabawa a kasuwa. Madugu sana'a ce, kuma ta mutu. Shi ke tara fatake bayan kaka, ya tsayar da ranar tashi, ya ɗauki alhakin ayarin tun daga Kano har Salaga a ƙasar Gwanja, arewacin Ghana ta yau. A kai kanwa da tufafin rini da fatu, a dawo da goro. Uban dawaki ke tara kuɗin fito a hannun fatake, malamin ayari na riƙe da lissafi da addu'a, jagaba kuwa yaron madugu ne mai shiga gaba. Yau wa ya san waɗannan?

Kawu Sale: Malam, janye kalmar "yaro". Jagaba shi ke riƙe da hanya. Shi ya san inda rijiya take, da mashigin da jaki zai ƙetare da kaya, da dajin da ba a kwana. In ya yi kuskuren zango ɗaya, dabbobi su kwana ba ruwa, gobe rabinsu ba za su tashi da kaya ba. Wannan ne yaro?

Baban Hajara: A bakin 'yan kasuwa, yaro ba ƙaramin mutum ba ne, Kawu. Duk wanda ke ƙarƙashin maigida yaronsa ne, ko da furfura.

Kawu Sale: Yaro da jarin maigida yake juyawa. Jagaba da saninsa yake ci. Ba ɗaya ba ne.

Hajiya Ladi: Duk kun bar mai wahalar. Goro ba ya jiran gardamarku. Ana jera shi cikin ganye a ɗaure huhu, bayan 'yan kwanaki a kwance, a tsince mai sankara, a sake ganye, a yayyafa ruwa. Ruwa ya yi yawa ya ruɓe, ya yi kaɗan ya yanƙwane. Tafiyar watanni fa. Masu wannan aikin ko suna ba ku ba su ba.

Ɗan Borgu: In jagaba yaro ne, me ya sa masarautar Borgu ta mai da shi sarauta? Ga Jagaban Borgu nan, Bola Tinubu, kowa ya san shi. Kuma ta ƙasarmu ayarin ke bi bayan ya ƙetare Kwara, ya nufi Nikki da ke Jamhuriyar Benin ta yau.

Baban Hajara: Ga shi nan, an kawo siyasa.

Ɗan Borgu: Tarihi na kawo, Alhaji. Kai ne siyasar ke ranka.

Dattijon Zango: Jama'a, maganata a kan madugu ce.

Na-Bebeji: To madugan ma su waye? Agalawa, zuriyar fatake ta ƙasar Kano, su ne suka riƙe hanyar nan. Alhassan Ɗantata daga cikinsu ya fito.

Kawu Sale: Ka manta sauran zuriyoyin fataken goro, Kambarin Barebari da Tokarawa, ko da gangan ne? Ɗantata ma ai ta ruwa ya riƙa biyo da goronsa zuwa Ikko, sai jirgin ƙasa. Tun da dogo ya iso Kano a 1911, wa zai kori jaki wata uku?

Baban Hajara: Ba dogo ne ya fara kashe hanyar ba. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ne ya watsa kasuwar, fatake suka koma wasu garuruwa.

Na-Bebeji: Kawo hujja.

Baban Hajara: Kai da ka ce Agalawa kaɗai, ina taka?

Hajiya Ladi: Fatoma fa? Shi ke sauke baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya masa in an ba da bashi, ya ci la'adarsa. Ko shi ma yaro ne?

Ɗan Borgu: Yaya Ladi, kar ki ba su wata ƙofar.

Kawu Sale: Dare ya yi, bari in taƙaita a matsayina na mai kula da zauren nan. An tabbatar jagaba ba yaron kowa ba ne, kuma ba a samu wanda ya kawo hujjar akasin haka ba. Batun Agalawa an bar shi, tunda mai shi ya kasa kare shi. Malam Dattijo zai gyara rubutunsa.

Dattijon Zango: Ni ban ce zan gyara komai ba.