Laftof ɗina ya daina ganin Wi-Fi ɗin gida, amma yana ganin na maƙwabta

Mai_Tambaya:
Assalamu alaikum masana. An canja mana rauta, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi, a gida, an sa sabuwa mai Wi-Fi 6, sunan Wi-Fi ɗin da kalmar sirrinsa duk irin na da. Wayoyi sun hau ba matsala. Laftof ɗina mai Windows 10 kuwa ko sunan gidan ba ya fitowa a jerinsa, alhali na maƙwabta suna nan reras. Na kashe na kunna, na yi Network reset, shiru. Katin Wi-Fi na cikin laftof ɗin ne ya lalace?

Injiniya_Sadarwa:
Wa alaikumus salam. Katin da ya mutu ba ya ganin kowa, naka kuwa yana ganin maƙwabta, saboda haka lafiyarsa ƙalau. Matsalar tsakaninsa da sabuwar rautar ce. Network reset ba zai yi maganin wannan ba, domin abin da yake yi shi ne ya cire katunan sadarwa ya mayar da su, ya goge kalmomin sirrin da aka adana. Ba ya koya wa katin abin da bai iya ba.

Buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta:

netsh wlan show drivers

Duba abu uku: sunan katin, ranar direbansa (manhajar da Windows ke sarrafa katin da ita), da layin Radio types supported. In ka ga 802.11b, g da n kawai, babu a ko ac, to katin zangon 2.4 GHz kaɗai yake kamawa, kuma in rautar a 5 GHz kaɗai take watsawa ba zai taɓa ganinta ba. Sai ka shiga shafin rautar ta waya, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, adireshin na rubuce a jikinta, ka kunna 2.4 GHz.

Ka kuma duba tashar (Channel) da rautar take kai. A 2.4 GHz wasu katunan ba sa leƙa tasha ta 12 da ta 13, domin an saita su bisa dokar Amurka inda aka tsaya a 11. In rautar na kan Auto tana iya zaɓar 13 da kanta. Kafe ta a 1, 6 ko 11, su ne ba sa hawa kan juna. A 5 GHz kuma sa ta a 36, 40, 44 ko 48. Turo mana abin da umarnin ya nuna.

Mai_Tambaya:
Na gode Malam. Katin Intel Dual Band Wireless-AC 7265 ne, direban na 2017. A layin nan akwai b, g, n, a da ac. Tashar 2.4 tana kan 6.

Mai_Gyaran_Kwamfuta:
To ga inda gizo ke saƙa, ranar direban. Sananniyar matsala ce, Intel da kansa ya yi bayaninta: tsofaffin direbobin wasu katunansa na Wireless-AC, har da 7265, ba sa nuna sunan rautar da ke watsa 802.11ax, wato Wi-Fi 6. Direban ya girmi fasahar, in ya ci karo da sanarwar da rautar ke aikowa sai ya tsallake ta kamar babu ita.

Da farko ka tabbatar. A shafin rautar nemi inda aka rubuta Wireless mode ko 802.11ax, ka kashe ax na ɗan lokaci. In sunan ya bayyana nan take a laftof, an gano mai laifi.

Gyaran dindindin sabon direba ne. Tunda laftof ba shi da intanet, haɗa shi da rauta da kebul, ko ka jona wayarka da USB ka kunna USB tethering don laftof ya samu intanet daga wayar. Fara duba shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, in nasu ma tsoho ne sai ka ɗauko daga shafin Intel. Kada ka dogara da maɓallin Update driver na Device Manager, wato jerin na'urorin kwamfuta a Windows, sau da yawa cewa zai yi kana da mafi dacewa alhali akwai sabo. Su kuma manhajojin nan masu alƙawarin sabunta duk direbobi da dannawa ɗaya, ka nisance su. Bayan girkawa ka danna Restart, ba Shut down ba, domin Fast Startup, tsarin saurin kunnawa na Windows, na adana yanayin direbobi ya dawo da shi in an kunna. Sannan ka mayar da ax.

Kuma don Allah kada wani ya sa ka soka allura a ramin Reset na bayan rauta. Yana goge saitin kamfanin intanet, a wasu layukan sai an sake shigar da sunan asusu da kalmar sirrinsu kafin intanet ta dawo wa kowa a gidan.

Mai_Tambaya:
Allah ya saka da alheri. Na sabunta, sunan ya fito. Amma in na danna sai ya ce Can't connect to this network, ko kalmar sirri ba ya tambaya.

Injiniya_Sadarwa:
An ci gaba. Yanzu abu biyu ne suka rage, kuma ina zargin duka biyun.

Na ɗaya, tsarin tsaro. Sababbin rautoci da yawa suna zuwa da WPA3. Windows 10 ya fara karɓarsa tun sigar 1903, amma sai katin ma ya iya. Sake buga umarnin farko, ka duba jerin da ke ƙarƙashin Authentication and cipher supported. In babu WPA3-Personal a ciki, koma shafin rautar ka zaɓi WPA2/WPA3 a haɗe. Wasu tsofaffin katunan ko wannan haɗin ba sa jurewa, in haka ne sa WPA2-Personal da AES zalla. Kada ka sauka zuwa TKIP ko WEP, tsaronsu ya karye, gudun ma ba zai wuce 54 Mbps ba.

Na biyu, duk da Network reset ɗin da ka yi, mai yiwuwa akwai sauran bayanin da Windows ya adana a ƙarƙashin wannan suna, wanda bai dace da saitin yanzu ba. In haka ne, shi ya sa ba ya tambayar kalmar sirri. Goge shi:

netsh wlan delete profile name="sunan Wi-Fi ɗinka"

Sai ka haɗa daga farko. In ya hau amma babu intanet, rubuta ipconfig. Adireshin da ya fara da 169.254 na nufin rautar ba ta ba shi lamba ba, laftof ne ya ƙirƙiro wa kansa. Yi ipconfig /release sannan ipconfig /renew, ka kuma duba ko an kunna tace na'urori ta MAC, wato lambar shaida ta katin, a rautar. In adireshin 192.168 ne, umarnin gwaji ping 8.8.8.8 na amsawa amma shafuka ba sa buɗewa, matsalar DNS ce, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi adireshi, ipconfig /flushdns ne matakin farko.

Mai_Gyaran_Kwamfuta:
Ƙari ɗaya, ɗan'uwa. In bayan an gama ka ga Wi-Fi na ɓacewa duk lokacin da laftof ya farka daga barci, shiga Device Manager, Network adapters, buɗe katin, a shafin Power Management cire alamar da ke ba kwamfuta damar kashe shi don tanadin batir.