In karɓi sakataren kwamiti ko in ƙarasa kundina?

Mai Neman Shawara: Salamu alaikum jama'a. Ina aikin ofis, kuma shekara 2 ke nan kundin digirina na biyu na tsaye a babi na uku. Ba lalaci ba ne, ƙarfe 4 nake tashi, sai 11 na dare nake kwanciya. Yanzu an ce in zama sakataren wani kwamiti a wurin aiki, ranar Litinin ake jiran amsa. In karɓa ko in ƙi?

Sarkin Sammako: Ka riƙa tashi da wuri ɗan'uwa, shi ne sirrin.

Mai Neman Shawara: Malam, ƙarfe 4 fa na ce.

Tsohon Hannu: Ƙanena, kada ka soma. Shekara 9 na yi ina zaman "a kira wane". Rubuta bayanin taro ni, gyaran firinta ni, shugaba zai yi jawabi ni zan kwana ina rubutawa. Kullum a gajiye nake komawa gida, ina jin daɗi wai ana buƙatata. Da lokacin ƙarin girma ya zo, takarda aka tambaya. Yaron da muke zagi don yana tashi ƙarfe 4 na yamma ya tafi aji, shi ne shugabana yau. Da na yi ƙorafi sai aka ce "ai ba mai iya riƙe kujerarka sai kai". Har yau ina kan kujerar.

Maman Biyu: Allah sarki Baba. Mai tambaya, gwada tsarin Pomodoro na Francesco Cirillo: minti 25 aiki, minti 5 hutu, waya a wani ɗakin.

Injiniya: Hajiya, minti 25 kafin mutum ya tuna inda ya tsaya a babi na uku ya ƙare. Ni 50 nake yi.

Ɗan Barkwanci: Ni ma ina yi, sai dai minti 5 aiki, 25 hutu.

Injiniya: Matsalarsa wa'adi ne. Tun 1955 wani marubuci mai suna Parkinson ya rubuta a mujallar The Economist cewa aiki kan miƙe ya cinye duk lokacin da aka ba shi. Kwamiti na da ranar Litinin, kundi ba shi da rana, shi ya sa kullum ake tura shi gobe.

Maman Biyu: Injiniya, kai da ba ka da yaro ko ɗaya, sauƙin magana gare ka.

Injiniya: To ke kin gama naki digirin ne?

Tsohon Hannu: Ku bar wannan. Wa ya ƙirƙiro taron awa 3 a kan abin da saƙo ɗaya zai warware?

Sarkin Sammako: Namu har taro ake kira don tsara taro. Jiya an tashi ba a tsayar da ranar ba, sai aka buɗe sabon zauren WhatsApp, na 7 ke nan a wayata.