Ƙofar gida ta madaci mai kallon yamma: fenti ko banish?

Baban Sadiya, Mabera: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kafinta ya gama mini ƙofar shiga gida, ta madaci, mai ganye biyu. Yamma take kallo, babu rumfa bisanta, rana na dukanta tun azahar har magariba. Uwargida na son banish don zanen icen ya fito, ni ko ina tsoron rana ta cinye shi. Wanda ya taɓa gwadawa ya taimaka mini, Asabar za a fara aikin.

Ɗan Arkilla: Wa alaikumus salam. Mi ya kai ka katako? Sa ta ƙarfe ka huta.

Baban Sadiya: An riga an yi ta, Malam.

Hajiya, Runjin Sambo: Ƙanena, kada ka kuskura. Ƙofar da marigayi maigidana ya bari, ita na ce a sabunta, na ba wani mai fenti dubu 45. Cikin hunturu ya zo, iska na kaɗawa, bai goge ta da samfefa ba, ya tsinka banish ɗin da kananzir ya shafa. Ƙura ta manne, in ka taɓa kamar bayan kada. Kafin watan Mayu ta fara saɓa, icen ya koma fari fat. Da damina ta sauka ruwa ya shiga ta ƙasa, ta kumbura, wata biyu da turmi muke tokare ta da dare. Na kira shi har na gaji. Ba kuɗin ke mini ciwo ba, abin da mamaci ya bari ne anka lalata. Allah ya isa.

Maman Khalifa: Allah ya jiƙan Alhaji. Amma Hajiya, dubu 45 a ƙofa guda? Tawa dubu 18 har da kuɗin aiki.

Ɗan Arkilla: Wace shekara? Galan ɗin fentin mai kaɗai na saya dubu 22.

Kafinta, Gawon Nama: Hajiya, ki yi haƙuri, wannan mugun aiki ne. Alhaji mai tambaya, ga yadda abin yake. Banish garau yake, haske na ratsa shi ya ƙona fuskar icen, shi ya sa yake ɓamɓarewa. Fenti kuwa launinsa na tare rana. A nan Sakkwato da zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu, in ka zaɓi banish, ka shirya gogewa da sake shafawa kusan duk shekara. In fenti ne, na mai, ba na ruwa da ake sa wa bango ba, kuma mai haske, don baƙi da ruwan ƙasa mai duhu suna jan zafi har katako ya tsage. Ko wanne ka zaɓa, a cire ƙofar a shafe har ƙarƙashinta, nan ruwa da gara ke shiga. Daga banish ana komawa fenti cikin sauƙi, amma kankare fenti a dawo da zanen ice wahala ce.

Ɗan Arkilla: Mai sana'a ai ba ya ƙin abin da zai dawo da shi duk shekara.

Kafinta: Da haka nake so, da na ce masa banish. Shekara 20 ina wannan aiki, kai ƙofa nawa ka taɓa ratayawa?

Autan Minanata: Ku sa mata ko zinari ne, gobe yaran unguwa sun rubuta sunayensu da gawayi.

Hajiya: Shi ma wancan shekara 20 ya ce mini.

Maman Khalifa: Haka suke. Mai tayil ya karɓi kafin alƙalami dubu 60 wurina tun kafin azumi, har yau banɗaki na nan siminti tsirara.

Malamin makaranta, Gidan Igwai: Laifinmu ne da muke ba da kuɗi babu shaida. Ni da kaina nake sayo kaya, ladan aiki sai an gama.

Kafinta: Ku ma masu gida fa? Mutum uku ke riƙe da kuɗina tun bara, in na je a ce Alhaji ya tafi Abuja.

Baban Sadiya: Jama'a, in na yi mata 'yar rumfa ta kwano, banish zai riƙe?

Maman Khalifa: Malamin makaranta, kai wa ya yi maka tayil? Ina neman mai amana.