Tari da mura masu yawan dawowa: abin da aka tattauna

A wata tattaunawa kan tari da mura masu yawan dawowa ga yara, tambayar da ta fi jan hankali ita ce: sau nawa yaro zai yi su kafin a ce sun yi yawa? Amsar ta kwantar wa iyaye da hankali. Ƙaramin yaro mai lafiya yakan yi mura sau 6 zuwa 8 a shekara, musamman idan ya fara cuɗanya da yara. Abin dubawa shi ne nimoniya (ciwon huhu) sau biyu a shekara ɗaya, ko rama, ko tarin da ya wuce mako biyu. A nan sai a je asibiti a yi hoton ƙirji da gwajin majina saboda tarin fuka. Aka ƙara da cewa idan ciwon yana komawa gefe ɗaya na huhu, a binciki ko yaron ya shaƙi wani abu da ya maƙale. Asma ma takan ɓuya a bayan "mura", haka ciwon suga da ƙanjamau kan raunana garkuwar jiki.

Inda aka fi daɗewa shi ne maganin kashe bakteriya. Ba ya taɓa mura, domin ƙwayar cutar bairas ce ke kawo ta, ba bakteriya ba, kuma shan sa barkatai yana sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. A ganina nan ne yawancinmu muke kuskure.

Kan kariya ba a yi gardama ba: allurar rigakafi a kan lokaci, nonon uwa zalla wata 6, wanke hannu da sabulu, nisantar hayaƙin taba da na girki. Yaro mai shekara 1 zuwa 5 da numfashinsa ya kai 40 a minti ɗaya, a kai shi asibiti ranar.