Neman kalma: ni dai na tsaya kan "tohon ƙwaƙwalwa"

'Yan'uwa ma'aikatan lafiya na Gusau da Talata Mafara, da malamanmu na Hausa, ku zo mu tsai da magana kan neurogenesis, wato fitowar sababbin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa bayan mutum ya girma.

Wasu sun kawo "haihuwar ƙwayoyi", ba laifi. Wadda ban yarda da ita ba ita ce "sabuntar ƙwaƙwalwa", domin duk wanda ya ji "sabunta" waraka zai kawo a ransa, alhali ga mai farfaɗiya abin ba haka yake ba.

Ɗaya daga wuraren da ƙwayoyin nan ke fitowa shi ne hifokamfas, sashen ƙwaƙwalwa da ke taimaka wa mutum riƙe abin da ya koya. A 1997 Jack Parent da abokan aikinsa a Amurka sun gwada a jikin ɓeraye, suka ga in jijjiga ta daɗe ba ta saki ba, ƙwayoyin kan fito da yawa fiye da kima. Binciken da ya biyo baya ya nuna wasunsu kan bar layin da ya kamata su zauna su faɗa wani wuri, wasu su miƙa rassa inda ba a saba ba, su sarƙe da maƙwabtansu ta yadda wata jijjigar za ta iya samun sauƙin tashi. In ciwon ya zauna watanni kuwa, fitowar tasu sai ta ja baya.

Shi ya sa na zaɓi "toho", ko "tofo" a bakin wasu. Manomi ya san itacen da aka sare yana toho, ya kuma san ba kowane toho ke zama reshen kirki ba.

Ita kuwa jijjigar nan da ke daɗewa ba ta saki ba, wadda likitoci ke kira status epilepticus, ina ganin mu ce "jijjiga mai zarcewa", kada mu ce "doguwar farfaɗiya". Wanda bai taɓa farfaɗiya ba ma tana kama shi: sanƙarau na kawo ta, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai na kawo ta, haka gubar dalma, irin wadda ta ci yara a Anka da Bukkuyum a 2010. Tun 2015 ma'aunin likitocin duniya minti 5 ne, in ta kai minti 30 ana tsoron lahani mai ɗorewa. Don haka in za ku faɗe ta a rediyo, don Allah ku haɗa da lokacin: ta wuce minti 5, a kwantar da mai ciwon ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, a nufi asibiti.